Muryar Mai Fito

Gidanmu shi ne na ƙarshe a garin. Daga shi sai gangare, sai mashaya, sai Kogin Haɗejiya. In ruwa ya kawo da damina, kana tsakar gida kana jin sa yana lasar gindin danga, sauro kuwa ya zama shi ne mai gari. Saboda haka mu ba don sanyi muke kewaye wuta ba, don hayaƙi ne. Kakata Iya, wadda ta haifi babana, bandar kifi ce sana'arta. Da an idar da sallar magariba sai ta lanƙwasa tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya, ta soke da tsinke, ta jera a kan waya, ta barbaɗa ƙaiƙayin shinkafa a garwashi. Mu jikokinta sai mu zauna ta inda hayaƙin ke bi, ido yana hawaye, muna jiran abu biyu: kifin da ya fashe wanda ba zai sayu ba, da kuma tatsuniya.

Ni aka sa wa sunan mijinta, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Maigida take ce min. "Maigida, yau ma ba cefane? Ni fa auren nan ya ishe ni." Ni kuma in ce ai na kawo, tsufa ne ya hana ta gani. Babana kuwa, da yake shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai Allah ya ba ta, "yaron nan" take ce masa har furfura ta cika masa gemu. Kakan nawa ban san shi ba. An dai ce mana ba ya nan tun Baba yana goye, kuma ba zancen da ake yi ba ne a gidanmu.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take yi, "Ga ta nan ta ƙetaro ruwa." Mu ce, "Ta fito tudu mu ji ta." In ta gama ta ce, "Ƙurunƙus kan tarwaɗa," ta miƙa kan kifi ga wanda bai yi gyangyaɗi ba. Gwana ce wajen sauya murya. In ta yi tsamin bakin Gizo sai ka riƙe ciki, in ta yi kura sai ƙanwata Dije ta cusa kai a cinyarta. Amma akwai abin da ban lura da shi ba sai da na girma: muryar dabbobi kawai take yi. In mutum ne ke magana a cikin tatsuniyar, sarki ne ko maharbi ko tsohuwa, da muryarta ta kullum take faɗar maganarsa.

Ni na gaji bakinta, ban gaji kamun kanta ba. Duk wanda ya yi magana sau biyu a gabana, to na ɗauke muryarsa.

Wata shekara, ruwa ya fara ja da baya, an soma yankan shinkafa, sai 'yan kama suka sauka a garinmu ranar kasuwa. Masu yawon wasa ne, daga kasuwar Jahun su bi ta Miga, su ratsa ƙauyukan bakin kogi har Haɗejiya, suna ba mutane dariya ana ba su abin da ya sawwaƙa. Babbansu ya naɗa rawani ya kai kwando, ya maƙala tabarau marar gilashi, ya rungumo tarin takardun buhun siminti a matsayin littafi. Ya zauna ya yi gyaran murya irin ta manyan malamai, yaronsa yana ja masa baki, ya ce, "Yau mun iso babin tuwon shinkafa. A nan malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce a yi loma a kurɓi ruwa. Wasu kuma sun ce shan ruwa ɓarnar wuri ne a ciki, kuma wannan ita ce magana mafi inganci." Har limaminmu sai da ya rufe baki da hannun riga. Da aka gama karatu sai ya shiga kwaikwayon mutanen gari. Ya yi tafiyar Bulama, wato mai garinmu, ya yi kiran mai fura, ya yi rantsuwar mai awon hatsi. Kowa aka taɓo sai kasuwa ta juya ta dube shi a fashe da dariya.

Na koma gida kaina yana hayaƙi. Da magariba, a bakin wutar banda, na naɗa zanin Dije a kai na maimaita musu wasan tas. Iya tana dariya tana cewa, "Allah ya shirye ka, Maigida, ashe ɗan kama na aura." Daɗin yabo ya kwashe ni. Na ce bari in ƙara da nawa. Akwai wani maƙwabcinmu mai gyaran komar kamun kifi, Malam Sule, wanda ya rasu bara waccan, yana da wani tari da yake yi kafin ya yi sallama. Na koma bayan rumbu, na yi tarin, na yi sallamar.

Iya ta buga itacen hannunta a ƙasa har garwashi ya yi tsalle.

"Rufe bakinka!"

Ban taɓa jin ta daka min tsawa ba sai ranar. Ta miƙe, ta leƙa ta kan danga wajen gidan Malam Sule, ta daɗe tana saurare ko iyalinsa sun ji. Sa'annan ta dawo ta zauna. Ni kuwa kunya da haushi sun cika ni. Sai bayan lisha ta dube ni ta ce, "Matso nan, Maigida. Ga ta nan ta ƙetaro ruwa." Muka amsa a sanyaye. A lokacin ban san cewa abin da za ta ba mu ba tatsuniya ba ce.

Ta ce an yi wani mai fito a wani gari na bakin ruwa, shi ke ƙetarar da mutane a jirginsa. Muryarsa ta dushe saboda kiran masu ƙetarewa. Yana da wata ɗabi'a: kullum da yamma in ya ɗaure jirgi, tun daga mashaya yake ɗaga murya ya ce, "Mutanen gida, a ɗora tukunya, kogi ya yi kyauta!" Ko da kifi a hannunsa ko babu, sai ya faɗa. Gari duk an san kiran nan, har yara suna tsokanar matarsa da shi.

Wata damina ruwa ya zo da hauka, ya rushe gidajen tsallake. Mai fito ya wuni yana kwaso mutane. Ya koma ɗauko na ƙarshe, bai dawo ba. Daga baya aka tsinci jirgin a kife cikin ciyawa, shi kuwa ko hularsa ba a gani ba. Bulaman garin amininsa ne. Ya ce kada wanda ya kuskura ya ce mai fito ya mutu sai ruwa ya janye an duba, domin an taɓa ganin wanda kogi ya kai har ƙasar Barebari ya dawo da ƙafarsa. Ba a yi jana'iza ba, ba a yi zaman makoki ba. Aka bar matar da jariri a baya, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba.

"Ta yi kuka har ya ƙare," in ji Iya. "Dangana ba da gudu take zuwa ba, Maigida, rarrafe take yi. Amma ta zo. Ranar nan matar ta wayi gari ta ji zuciyarta ta sauka. Ta ninke rigunansa. Ta jiƙa gero za ta daka gumbar sadaka, ta ce gobe da safe za ta aika wa liman a yi masa addu'a, ta sallama shi ga Mai shi."

To, a ranar ne 'yan kama suka sauka. Iya ta ce suna da ƙa'ida da ba sa ƙetarewa. In sun shiga gari, kafin su kwance kaya sai sun je ƙofar Bulama sun yi gaisuwa, sun tambaya, "Wa aka rasa tun zuwanmu na bara?" A faɗa musu, su cire waɗannan muryoyin daga wasa. Domin da muryar mai rai ɗan kama ke cin abinci. Mai rai in ya ji haushi ya rama, in ya ji daɗi ya yi kyauta. Mamaci ba shi da bakin ramawa, kuma yana da masu kukansa. Babban 'yan kaman ya je, ya yi tambayarsa yadda ya gada. Bulama ya faɗa masa waɗanda aka binne. Bai sa mai fito ba. Da wane baki zai sa shi, shi da ya hana a faɗa?

Filin kasuwa yana cike da ruwa har lokacin, sai aka yi wasan a gindin bishiyar da ke mashaya, dab da gidan matar. Aka yi karatun tuwo, aka yi dariya, irin dariyar mutanen da suka daɗe ba su yi ba. Ɗan kama ya tuna cewa bara ba abin da ya tashi taro kamar kiran mai fito. Shi kansa mai fiton sai da dariya ta zaunar da shi a ƙasa, ya ba shi ƙaton kifi. Ɗan kama ya duba cikin jama'a bai gan shi ba, ya ɗauka yana tsallake. Sai ya sulale ya gangara bakin ruwa, ya samo kara ya riƙe kamar sandar tuƙi, ya taho ta inda mai fito ke tahowa, da yamma, daidai lokacinsa. Ya dusar da murya ya kwarara kira.

Iya ba ta kwaikwayi kiran ba. Da muryarta ta faɗe shi, a hankali, tana kallon wuta.

Ta ce matar tana tsame gero ta ji. Ba ta nemi mayafi ba, ba ta nemi takalmi ba. Ta fito da gudu, jariri yana tsalle a bayanta, tana ture maza tana ratsawa. Taro ya riga ya yi shiru tun kafin ta iso, ba mai dariya ko ɗaya. Ta ɓullo gaba, sai ga wani baƙo siriri da rawanin tsumma da kara a hannu. Ta dube shi, ta dubi bayansa, ta dubi kogi. Wani ya matsa ya raɗa wa ɗan kama magana a kunne. Karan ya faɗi daga hannunsa.

Matar ta ce, "Sake faɗa."

Ya durƙusa. Da ya buɗe baki, ashe tasa muryar 'yar siririya ce. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe ni. Wallahi na tambaya. Ban sani ba."

Ta ce, "Na yafe. Sake faɗa."

Bai sake ba. Ya sunkuyar da kai yana girgiza shi, har mata suka zo suka janye ta. Kafin magariba 'yan kama sun bar garin, ko kwanon kyauta ba su zagaya da shi ba. Matar ta koma gida ta watsa wa kaji geron da ta jiƙa. Da ruwa ya janye aka duba ba a ga komai ba, dangi suka yi sadakarsu, ita ba ta sa hannu ba. Ta san baƙo ne ya yi kiran, da idonta ta gan shi. Amma danganar da ta rarrafo ta zo, kiran nan ya kore ta, ba ta kuma dawowa ba. Kullum yamma kunnenta yana mashaya.

Iya ta juya kifi ta ce, "To ku raba min gardama. Wanne ya fi cutar da ita, faɗar da ya yi ko ƙin sakewar?"

Na ce faɗar, ai da bai faɗa ba da ta huta. Dije ta ce ƙin sakewar, tun da ya riga ya ɓata, me zai rage shi in ya ƙara mata sau ɗaya? Muka yi ta musu. Na ce, "Iya, ke wanne kika ce?" Ta ce, "Ni ma har yau ban raba ba." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta ce ƙurunƙus ba, ba ta ba kowa kan kifi ba.

Sai da na shiga sakandare na gane. A shekarar, ambaliya ta cinye mana danga da ɗaki guda, maƙwabta duk suka koma tudu, Baba ya yi roƙon duniya Iya ta ce ba inda za ta. Na ji haushinta ƙwarai. Na ce wa mahaifiyata wannan taurin kai na tsohuwar nan zai kashe mu. Ta dube ni ta ce, "Kai har yanzu ba ka gane ba? Jaririn da aka goya aka fita da gudu, wa kake tsammani?" Ta nuna Baba da haɓa, yana can yana kafa sabuwar danga. Sai a lokacin na tuna cewa duk zaman da muka yi a bakin wutar nan, wurin zaman Iya ɗaya ne, inda kunnenta na dama yake fuskantar kogi. A gidan ta rasu, ba ta taɓa kwana a tudu ba.

Ƙaddara kuma ba ta bar ni ba. Yau ina koyarwa a firamare a Haɗejiya, amma ranakun hutu ni da abokaina muna ɗora lasifika a bayan mota mu bi kasuwanni, Kaugama, Miga, Jahun da ƙauyukan tsakani, muna wasan kwaikwayo. Ni ne mai rawani da tabarau. Duk garin da muka sauka nakan je wajen mai gari in yi tambayar da 'yan kama suka bar mana, wa aka rasa. Sa'annan in ƙara tawa: "Akwai wanda ake jira?" Da yawa sukan yi min kallon wanda bai da aikin yi. Amma a wani ƙauye kusa da Miga mai garin ya ce akwai wani saurayi mai sayar da rake, mai wani irin kira, ya tafi neman arziki ta hamada, wayarsa ta daina shiga, uwarsa tana nan bayan masallaci. Na san kiran yaron, na yi shi a zuwanmu na baya, har ina shirin buɗe wasa da shi. Ranar na yi wa Iya addu'a a zuci. Na kuma ɗauka cewa darasin ke nan, na riƙe shi, na gama da shi.

Ashe da saura.

Bara ruwa ya ƙarasa gidanmu na bakin kogi, na ɗauko Baba ya dawo wurina. Ido ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, kuma tun da ya bar bakin kogi abinci ya fita ransa. Likita ya ce in bai ci ba magani ba zai yi komai ba. Matata ta yi kunu, ta yi farfesun kifi, ta yi duk abin da ta sani, sai ya kurɓa ya ture. Ina kallonsa yana ƙarewa. Da yake sunan mahaifinsa gare ni, Babana yake kirana. Wata rana bayan la'asar ina riƙe da kwanon kunu ina lallashinsa, sai ya ce, "Babana, an ce ba muryar da ba ka iya ba."

Na ce, "Mutane ne da faɗa, Baba."

Ya ce, "Yi min ta Iya."

Muryar tana nan a maƙogwarona, ta fi ta kowa zama, amma ban taɓa fitar da ita ba ko ni kaɗai a ɗaki. Na ce, "Baba, ka san ta hana." Ya ce, "Ta hana a yi wa wanda bai roƙa ba. Ni roƙo nake." Na dubi wuyansa yadda ya rame, na dubi kunun yana hucewa. Na kau da kai gefe, na ce da muryarta, da wannan 'yar karkarwar da take yi a ƙarshen magana, "Kai yaron nan, ka ci wani abu kuwa?"

"Na'am, Iya!" Ya dafa katifa zai tashi, fuskarsa tana neman ƙofa.

Na riƙe shi. Na ce, "Baba, ni ne fa."

Ya koma ya jingina, yana haki. Ya ce, "Na sani, Babana. Ita ma ai ta san ɗan kama ne." Ya ƙara da cewa, "Sake faɗa."

A nan na gane abin da ya rufe bakin ɗan kaman nan. Ba rashin tausayi ba ne, tsoro ne. Ka ga mutum ya miƙo maka zuciyarsa gaba ɗaya, kai kuwa ka san ba komai a hannunka sai iska. Na tuna amsata ta yarinta, na tuna ta Dije. Na bi ta Dije. Na sake faɗa, ya karɓi ludayi, ya shanye kunun tas.

Tun daga ranar ba ya cin abinci sai Iya ta ce ya ci. Ya yi ƙiba kaɗan, har yana fita ƙofar gida shan iska. Matata ta ce rahama ce. Dije da ta zo ta ji, sai ta fita waje ta yi kuka, ta ce in daina, ita da bakinta, wadda ta ce a sake. 'Ya'yana kuwa in na fara sai su bar ɗakin. Ni kaina ban sani ba ko jinyarsa nake yi ko rami nake haƙa masa irin wanda Iya ta rayu a ciki. Na lura yanzu tun azahar yake juya kunne wajen ƙofa. Gardamar da ta ba mu a bakin wuta, na ɗanɗana ɓangaren da ita ba ta samu ba, kuma ban ga ya fi sauƙi ba.

Shekaranjiya da yamma na kawo masa kunu, na yi masa kiran kamar kullum. Bai karɓi ludayin ba. Ya laluba ya kamo hannuna, ya rage murya kamar yaron da ke tambayar abin da aka hana shi.

"Iya, kin same shi a can?"

Na buɗe baki. Mai kwaikwayo abin da kunnensa ya taɓa ji kawai yake iya mayarwa, wannan amsar kuwa ban taɓa jin ta a bakinta ba. Ya yi ta jira, hannunsa a cikin nawa, har aka kira magariba.